MAI NEMAN BARIN GIYA ABOKAN ZAMA YAKE BUƘATA, BA MASU TSINE MASA BA

A ranar Lahadin da ta gabata ne matasa 'yan uwa daga garuruwan Jega da Aliero da Maiyama suka hallara a harabar wata makarantar Islamiyya da ke cikin garin Jega, inda suka saurari jawabi daga bakin wani ɗan uwa malamin asibiti, wanda ya daɗe yana jinyar waɗanda shaye-shaye ya kwantar. Maudu'in jawabin shi ne yadda wanda giya ta kama zai sami zaman taimakon juna, da yadda zai lizimci halartarsa har Allah ya yaye masa. An fara ne bayan sallar La'asar, ba a tashi ba sai gab da Magariba. Ga yadda jawabin ya gudana.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S) da iyalan gidansa da sahabbansa, mai jawabin ya fara da cewa ya san akwai waɗanda suka yi mamakin jin maudu'in, suna cewa a ransu ina ruwan taron 'yan uwa da maganar giya, alhali garuruwan nan na Musulmi ne, ƙasar Gwandu ce, kuma tun shekarar 2000 jihar Kebbi ta shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'a, bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a watan Oktoban 1999. Ya ce duk wannan gaskiya ne, amma fa doka gidan giyar da ke bakin titi take iya rufewa, ba ta iya rufe ƙishirwar da ta riga ta zauna a jikin mutum.

"Abin da ya faru," in ji shi, "shi ne giyar ta bar fili ta shige aljihu. Da can sai mutum ya cire kunya ya shiga mashaya. Daga baya sai aka zo da ta 'yar leda da ta ƙaramar kwalba, wadda yaro zai saya da canjin aike, ya shanye a bayan gari, ya tauna goro ya shigo cikin mutane." Ya tuna wa mahalarta cewa yawaitar wannan ne ya sa hukumar NAFDAC ta sanar a watan Fabrairun 2024 cewa ta fara aiwatar da haramcin yin giya a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, bisa wata yarjejeniya da aka ƙulla da kamfanoni tun 2018.

Ya ci gaba da cewa garuruwan nan uku a kan hanya suke. Jega mahaɗa ce, hanyar Sakkwato ta bi ta Aliero, ta Yawuri ta bi ta Maiyama, ga kuma ta Birnin Kebbi. Albasar Aliero har Legas da Fatakwal take zuwa, kuma ba ita kaɗai take tafiya ba, da direba da yaron mota da ɗan rakiyar kaya take tafiya, su yi kwanaki a tashoshin da babu wanda ya san ubansu. Ga ɗalibai daga ko'ina tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006. Ya ce duk wannan alheri ne, amma hanyar da take kawo alheri ita ce take kawo waninsa.

Dangane da girman matsalar kuwa, ya kawo rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2024, wanda ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 2.6 ne suka mutu ta dalilin giya, miliyan 2 daga cikinsu maza ne, kuma kimanin mutum miliyan 209 ne giya ta kama su kamun da ba sa iya rabuwa da ita. Haka nan ya ambaci binciken da aka yi a Nijeriya a 2018, wanda ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kimanin miliyan 3 a Arewa maso Yamma, kuma wannan lissafin bai haɗa da giya da taba ba. Ya ce a aikinsa ya sha ganin matashin da yake haɗa giya da tiramol ko kodin, don haka duk abin da zai faɗa ya shafi waɗannan ma.

YARON DA AKA KULLE A SHAGO

Daga nan sai Malamin ya ba da labarin wani matashi, wanda ya sakaya sunansa da na garinsu. Ya ce yaron mota ne, ɗan gidan mutunci, ya yi karatun allo, ya fara kurɓa ne a hanyar Kudu da sunan maganin sanyi da gajiya. Cikin 'yan shekaru sai ya zama idan bai sha da safe ba hannunsa ba ya iya riƙe kofin shayi. Da asiri ya tonu, sai gari ya ɗauka cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sau uku yana dafa Alƙur'ani a gaban mahaifinsa cewa ya bari, sau uku yana komawa. Abokansa na masallaci suka janye jiki, sai ya zama babu mai yi masa fara'a sai abokan sha.

Ya ce da abin ya ishi yayyensa, sai suka yanke shawarar kulle shi a shagonsa na ƙofar gida har sai giyar ta fita daga jikinsa, suna miƙa masa abinci da ruwan alwala. Ranar farko ya yi ta rawar jiki da gumi da amai. Rana ta biyu ya kasa barci. A dare na uku ya fara ihu yana cewa ga abubuwa nan suna bin bango suna hawa jikinsa, sai aka ce aljanu ne, aka shiga yi masa tofi. Sai da ya faɗi yana jijjiga sannan aka nemo mota, kafin gari ya waye rai ya yi halinsa.

"Wallahi yayyen nan ba ƙinsa suke yi ba," in ji mai jawabin, "sonsa suke yi. Rashin sani ne ya kai su. Kuma shi kansa yaron so yake ya bari. Abin da ya rasa abu biyu ne, asibiti a kwanakin farko, da abokan zama a kwanakin da suka biyo baya."

ASIBITI TUKUNA

Malamin ya yi bayanin cewa giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa ne, idan mutum ya daɗe yana sha kullum sai ƙwaƙwalwar ta ƙara ƙaimi domin ta rinjayi wannan dannewar. To ranar da aka janye giyar farat ɗaya, sai ta zama kamar motar da aka take wa totur aka kuma saki birki. Cikin awa 6 zuwa 24 sai rawar hannu da gumi da tashin zuciya da faɗuwar gaba su fara. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo ne galibi cikin kwana biyun farko. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuwa wasu sukan rikice, su riƙa ganin abin da babu, jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa bugu da sauri, kuma wannan yana kisa idan ba a kai asibiti ba.

Ya ce ba kowane mai sha ne yake shiga wannan halin ba, amma duk wanda yake sha da yawa kullum, ko wanda sai ya sha da safe jikinsa yake daina rawa, ko wanda ya taɓa jijjiga a lokacin da ya gwada bari, to kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki, kada kuma a kulle shi. A asibiti akwai maganin da ake bayarwa ana rage shi a hankali cikin 'yan kwanaki, da ƙarin ruwa, da bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa. Ya jaddada cewa ba addu'a yake hanawa ba, a yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Sai dai ya ce a nan ne mafi yawan iyalai suke yin kuskure na biyu, wato su ɗauka da an sallamo shi shi ke nan ya warke. Ya ce mutanen Aliero sun fi kowa sanin amsar wannan, tunda garinsu ya yi suna da ɗori, daga nesa ake kawo musu masu karaya. "Na tambaye ku, idan maɗori ya mayar da ƙashi mazauninsa, sakin ƙafar yake yi ya ce tashi ka tafi? Ai sai ya jera karan ɗori ya ɗaure, ya ce a dawo ranar kaza a duba. Kuma ba ku taɓa ganin jarumin da ya ɗora ƙafarsa da kansa ba. To asibiti mayar da ƙashi ne, zaman taimakon juna kuwa shi ne karan ɗori." Ya ce wanda aka sallamo ya koma majalisarsa ta da, da tasharsa ta da, da kaɗaicinsa na da, kamar wanda ya taka ɗanyen ɗori ne.

ASALIN WANNAN ZAMA

Da ya juya kan tarihin irin wannan zama, mai jawabin ya ce a shekarar 1935 ne wani dillalin hannun jari ɗan birnin New York mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da barin giya, ya je garin Akron na jihar Ohayo a Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar ta rushe. Yana cikin baƙin ciki a masaukinsa sai sha'awar sha ta taso masa. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya shiga neman wani mashayi irinsa da zai yi magana da shi, har aka haɗa shi da wani likitan tiyata mai suna Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Ranar 10 ga Yunin 1935 ce ake lissafawa a matsayin ranar da likitan ya yi shansa na ƙarshe, kuma ita ce ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ba a bayyana sunansu. A 1939 suka wallafa littafin da ya ƙunshi matakansu goma sha biyu, a yau kuma ana irin zamansu a ƙasashe kimanin 180. A 1953 aka kafa makamanciyarta ta masu shan ƙwaya, wato Narcotics Anonymous.

Ya ce ba zai ɓoye wa 'yan uwa ba, waɗanda suka fara abin Kiristoci ne, kuma daga wata ƙungiyar Kirista suka ɗauko wasu tunane-tunanensu. Wannan ne ya sa a 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimo na Amurka suka kafa nasu zaman mai suna Millati Islami, inda suka gina matakan a kan tauhidi da sallah da istigfari. Ya ce idan aka tace matakan, abin da ke ciki shi ne mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangijinsa, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi yafewar waɗanda ya cuta ya mayar musu da haƙƙinsu, sannan ya ja hannun wani. "Wane ɗan Islamiyya ne a nan bai karanta sharuɗɗan tuba ba? Nadama, da dainawa, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi. Kayanmu ne, mu ne dai muka bar su a cikin littafi."

Game da ko abin yana aiki, ya kawo nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a watan Maris na 2020, wanda ya tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum 10,565. Ya ce an samu cewa a cikin mutum 100 da aka bi da su ta tsararriyar hanyar shigar da su irin wannan zama, kimanin 42 sun cika shekara ba su sha ba, alhali a cikin waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin ba da shawara kimanin 35 ne. Ya ce wannan lissafi yana nuna abu biyu, cewa zaman yana da amfani, da kuma cewa ba sha yanzu magani yanzu ba ne.

YADDA SAHABBAI SUKA BARI

Malamin ya ja hankalin mahalarta zuwa ga yadda haramcin giya ya sauka daki-daki, daga aya ta 219 ta Suratul Baƙara, zuwa ta 43 ta Suratun Nisa'i, zuwa ta 90 da 91 ta Suratul Ma'ida wadda ta yanke hukunci. Ya yi gargaɗin cewa kada wani ya fahimci cewa yau ma akwai sassauci, sam, haramci ya riga ya tabbata har tashin ƙiyama. Darasin da yake son a ɗauka shi ne abin da ya zo a ruwayar Anas ɗan Malik (RA), cewa yana cikin shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha sai sanarwar haramci ta iso, nan take aka umarce shi ya zubar, har giya ta kwarara a lungunan Madina. Ya ce a lura, majalisa guda ce ta zubar tare, gari guda ne ya bari tare. Babu sahabin da aka ce ya je ya bari shi kaɗai alhali abokan zamansa suna miƙa masa ƙoƙo.

Haka nan ya kawo ƙissar da Bukhari ya ruwaito ta wani mutum mai suna Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Himar, wanda yakan ba Manzon Allah (S) dariya, kuma an sha kawo shi ana yi masa hukunci saboda shan giya. Wata rana da aka sake kawo shi sai wani ya tsine masa saboda yawan komawarsa, sai Manzon Allah (S) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. "An yi masa hukunci, amma ba a kore shi daga jama'a ba," in ji mai jawabin. "Mu kuwa yau hukuncin ba a hannunmu yake ba, sai muka riƙe tsinuwar da aka hana mu, muka saki jan hannun da aka umarce mu."

INA ZA A SAMI ZAMAN?

A nan ne Malamin ya ce kowa ya buɗe kunnensa, ko don kansa ko don wani nasa, domin ƙofofi huɗu zai faɗa. Ƙofa ta farko ita ce babban asibitin garinku, ko na Jega ko na Aliero ko na Maiyama. Mutum ya yanki kati, ya gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa da lokacin da ya sha na ƙarshe, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma aikin likita ya ɗora masa riƙe sirri. Idan abin ya fi ƙarfin nan, ya nemi takardar turawa zuwa ga likitocin ƙwaƙwalwa a Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Kafin a sallame shi kuma, ya tambaya da bakinsa ranar da zai dawo, da ko akwai zaman da ake haɗa masu irin larurarsa, da ko akwai wani daga yankinsu da ya riga shi bari wanda zai yarda a haɗa su.

Ƙofa ta biyu ita ce sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Ya ce mutane kamu kawai suka san ta da shi, alhali tana da masu ba da shawara, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, domin mai neman taimako ya kira ba tare da ya bayyana kansa ba. Ƙofa ta uku kuwa ita ce ta waya, domin tun lokacin annobar korona a 2020 ake gudanar da irin waɗannan zama da yawa ta intanet, mutum yana ɗakinsa zai shiga ya saurara. Ya ce akasarinsu da Turanci ake yi, don haka sun fi dacewa da ɗalibai da ma'aikata.

Ƙofa ta huɗu, wadda ya ce ita ce ta fi kusa da hannun talaka, ita ce a kafa zaman. Ya ce waɗancan na Amurka su biyu suka fara. Ya ba da labarin wasu mutum uku da ya sani, direba da tela da ɗalibi, waɗanda suka san juna a layin ganin likita, suka ɗauki alkawarin haɗuwa duk mako a shagon telan bayan sallar Isha'i. Ya ce ɗaya daga cikinsu ya zame har sau biyu, sauran suka je har gida suka taho da shi, yanzu su ukun suna nan a kan ƙafafunsu, har sun sami na huɗu.

Daga nan ya zayyana ƙa'idojin da irin wannan zama yake tsayuwa a kansu. A tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya da wuri ɗaya, ko mutum biyu ne suka zo a zauna. Kada ya wuce awa guda. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato son bari. Ba a rubuta suna, ba a ɗaukar hoto ko murya, ba a tambayar mutum ɗan gidan wane ne. Mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda, kuma labarin kansa zai ba da, yadda makonsa ya kasance, inda sha'awa ta taso masa da abin da ya yi, ba wa'azi zai yi wa na kusa da shi ba. Ba a karɓar kuɗin shiga, ba a karɓar na ɗan siyasa, in akwai kuɗin shayi a yi karo-karo. Abin da aka ji a zaman kuwa amana ne, ko matar aure ba a gaya wa. Ya ce ranar da magana ɗaya ta fita zuwa teburin mai shayi, ranar zaman ya mutu.

Ga mai zuwa karon farko, ya ce ya sani ƙafarsa za ta yi nauyi, zai iya kaiwa ƙofa ya juya, kusan kowa haka ya fara. Ya shiga ko da jiya ya sha, in dai bai taho da ita ba. Ba dole ne ya yi magana ba, yana iya cewa sauraro ya zo yi. Kada ya yanke hukunci da zuwa ɗaya, ya je kamar sau shida tukuna. Ya karɓi lambar wanda ya riga shi daɗewa da bari, ya kira shi kafin ya sha, ba bayan ya sha ba. Kada kuma ya ɗora wa kansa rantsuwar har abada wadda ya sha karyawa, ya ƙudurta daga Asuba zuwa Asuba, gobe ya sabunta. Wanda yake jin nauyin idon garinsu kuwa, ya ce Allah ya sauƙaƙa, garuruwan kusa suke da juna, na Maiyama ya zo Jega, na Jega ya je Aliero, babu mai tambayar wanda ya hau mota ranar kasuwa ina za shi.

Ya kuma yi kashedi game da gidajen mari, inda ya tuna da yadda a ƙarshen watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, sannan a watan Oktoba aka sami irin haka a Daura da Katsina. Ya ce iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu saboda rasa mafita. Duk wurin da za a ce sai da mari da bulala, ko a hana iyaye ganin ɗansu, to ba wurin magani ba ne.

NAUYIN DA KE KAN WANDA BA YA SHA

Mai jawabin ya ce ya san mafi yawan waɗanda suke zaune a gabansa Allah ya kare su, to kada su ɗauka jawabin na wasu ne. Ya ce manomin albasa idan ya buɗe rudu ya ga ruɓaɓɓiya, cire ta yake yi ya yar don kada ta ɓata saura, kuma daidai ya yi, domin albasa ba ta tuba. Amma ɗan Adam yana tuba, don haka ba a yi masa hukuncin albasa. Ya nemi 'yan uwa abu huɗu. Mai aji ko zaure ya ba da aronsa awa ɗaya a mako, ya miƙa mabuɗi ya tafi, kada ya tsaya leƙen waɗanda za su shiga. Mai babur ya kai ɗan uwansa asibiti ranar da aka ce ya koma. Mai sana'a ya ja wanda ya fara bari a jiki, domin zaman banza ƙofa ce ta komawa. Kowa kuma ya matsa masa a sahu, ya riƙe bakinsa. Ya ƙara da cewa iyaye da matan masu sha su ma suna da buƙatar nasu zaman, kamar yadda aka kafa ƙungiyar Al-Anon a 1951 domin iyalan mashaya.

TAMBAYOYI

An karɓi tambayoyi ne a rubuce ba tare da suna ba. Na farko ya rubuto cewa, Allah ya gafarta Malam, shin faɗin abin da mutum ya aikata a gaban wasu bai shiga cikin tona asirin kai da aka hana ba? Malamin ya amsa da cewa abin da aka hana shi ne mutum ya kwana Allah ya suturta shi, ya wayi gari yana ba da labarin saɓonsa don alfahari ko rashin kunya. Wanda ya faɗa cikin nadama domin neman magani kuwa, misalinsa misalin mai buɗe wa likita inda yake masa ciwo ne. Ya ce duk da haka a taƙaita ga abin da yake da amfani, kada a ambaci sunan kowa, kada kuma a siffanta shan ta yadda zai tayar wa wani da sha'awa.

Na biyu ya tambaya cewa tunda an ce ba a karɓar sallar mashayi kwana arba'in, mene ne amfanin ya yi ta? Malamin ya ce wannan fahimta ta raba matasa da yawa da masallaci. Ya ce malamai sun yi bayanin cewa lada ne yake rasawa, amma wajibcin sallar yana nan a kansa, barinta kuwa laifi ne da ya fi na farko girma, kuma ruwayar da ta zo da wannan gargaɗi ta zo da cewa idan ya tuba Allah yana karɓar tubansa. Saboda haka da zarar hankalinsa ya dawo ya yi tsarki ya yi sallarsa.

Na uku ya rubuto cewa yana da wani aboki da ya yi wata huɗu da bari sannan ya koma, yanzu kunya ta hana shi neman kowa, har yana cewa shi kam ya gama lalacewa. Malamin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce masu bincike a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye sukan zame, kusan kamar yadda mai hawan jini yakan koma gidan jiya idan ya saki magani, kuma babu mai cewa mai hawan jini ya lalace. Ya ce wata huɗun nan ba su faɗi ƙasa banza ba, hujja ce cewa zai iya. "Ka gaya wa abokin nan naka, yanke ƙauna daga rahamar Allah ya fi kwalbar da ya sha haɗari. Ka kuma gaya masa bayan an idar da Magariba zan daɗe a masallaci ban fita ba, kuma ba na tambayar suna."

Daga nan ne aka rufe taron da addu'ar Allah ya yaye wa waɗanda aka jarraba, ya kare waɗanda ya kare, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, aka tashi domin haramar sallah.